Gaisuwar Mutuwa a Tiga

Sammani na tsaye a bakin kwalta, ya juya wa gari baya yana jiran mota, sai ya ji babur ya ci birki a bayansa. Bai waiwaya ba. Wannan ƙara ko cikin barci ya santa, tun bara salansar babur ɗin ta fashe, mai shi ya ƙi gyarawa.

"Sammani! Kai ne da shadda ranar Talata?"

Jaji ne, abokinsa tun suna yara, kuma maƙwabcinsa a gona. Ya naɗe wando har gwiwa, ya ɗaure shebur da tiyo-tiyon ban-ruwa a bayan babur. Suka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya. Sannan Jaji ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Ina zuwa haka da sassafe?"

To, don gudun wannan tambaya ce Sammani ya fito kafin gari ya gama wayewa, ya zagaya ta bayan injin casar shinkafa, ya ƙi bi ta gaban mai shayi. A ƙauyukan Kura dattijo ba ya hawa mota haka kawai. Ko kasuwa, ko asibiti, ko suna, ko ɗaurin aure, ko gaisuwa. Ka ce za ka je ka ga wuri ne kawai, kafin ka dawo an gama yanke hukunci cewa kanka ya fara taɓuwa.

Shi kuwa Sammani, tun da aka yi arba'in ɗin matarsa, ganin wuri ya zame masa aiki. Halimatu Sa'adiyya sunanta, amma kowa Iya yake ce mata. Mace ce mai tambaya. Ta ji ana labarin gidan namun daji a Kano, ta ce wai da gaske giwa ta fi ɗaki tsawo? Ta ji labarin Kasuwar Kurmi, ta ce wai da gaske mutum yana ɓacewa a ciki? Babban abin da ya tsaya mata a rai kuwa shi ne dam ɗin Tiga, madatsar da ke ba su ruwan noma. Tun tana amarya, tana wanki a bakin kanal, take cewa, "Malam, wai duk ruwan nan daga wuri ɗaya yake fitowa? Ka kai ni in gani mana." Shi kuma ya ce, "Bayan girbi."

Wanda ya san noman rani ya san wannan ba amsa ba ce. A nan babu bayan girbi. A cire shinkafa a zuba tumatir, a cire tumatir a zuba masara, kafin a kwashe masara irin shinkafa ya isa dashe. Haka aka yi ta yi har ta tsufa, har zazzaɓi ya kwantar da ita, har aka kai ta makwancinta.

Yanzu da yamma in ya dawo gona, 'yarsa Ruƙayyatu ta aiko da tuwo daga gidan mijinta, ya ci, sai ya zauna a tsakar gida yana shirya tafiya a zuciyarsa. Wace mota, ina ake sauka, yaya zai dawo kafin magariba. Yakan tambayi direbobi a kaikaice, kamar wani ne ya aiko shi. Abin da ya fi ba shi wahala ba hanya ba ce, abin da zai ce ne. Ranar Kurmi ya ce irin albasa zai sayo, ya kuwa sayo, ga shi can a leda bai shuka ba. Ranar gidan namun daji ya ce asibitin ido zai je. Da ya dawo Ruƙayyatu ta tsare shi sai ya nuna maganin, dole ya biya kemis washegari. Har yau tana aiko masa da saƙon kada ya manta da ɗigawa, idon da lafiyarsa ƙalau.

Na yau ne bai shirya ba, ya ɗauka ba wanda zai gan shi. Ga Jaji ya kafe shi da ido yana jira.

"Tiga za ni," in ji Sammani. Bakinsa ya ƙarasa da kansa. "Gaisuwa. An yi rasuwa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Wa ya rasu?"

"Wani ne... ɗan'uwan marigayiya. Ta wajen uwa."

"Wa ke nan? Na san shi?"

"Ba ka san shi ba. Malam Abuzar."

Daga ina sunan ya faɗo, Allah kaɗai ya sani. Jaji ya kashe babur, ya sauko, ya ɗaga hannu ya yi wa Malam Abuzar addu'a a nan bakin titi, Sammani yana amsawa da amin.

"Shi ne za ka sulale kai kaɗai kamar marar kowa? Haba Sammani! Ana zuwa gaisuwar surukai mutum ɗaya? Su ce garinmu babu mutane?"

"Ba sai ka je ba. Yau fa ranar ruwanku ce."

Gaskiya ne kuwa. Ruwa bi da bi ake sakinsa, yau layin su Jaji, in ya wuce sai an zagayo. Tumatirinsa yana tsakiyar fure, ga zafi ya fara shigowa. Duk manomi ya san abin da ke faruwa da fure in ƙasa ta bushe.

"Ruwa ya fi mutuwa ne?" in ji Jaji, yana kwance tiyo. "Lokacin Iya daga ina 'yan'uwanta ba su zo ba? Bari in ajiye waɗannan wajen Uba mai shayi. Kuma bar maganar mota, ga babur."

"Jaji, don Allah."

"Kar ka hana ni lada, malam."

Bai tsaya nan ba. Ya zaro waya ya kira Malam Mudassiru, limamin masallacin unguwarsu, ya sanar da shi. Sammani yana jin muryar liman ƙasa-ƙasa daga wayar, yana cewa ba zai samu zuwa ba saboda ɗalibai, amma in sha Allahu za a sa Malam Abuzar a addu'a bayan Azahar. Wayyo kunya! Sahu guda na Musulmi za su ɗaga hannu saboda mutumin da shi ya haifa a bakin kwalta, ya kuma kashe shi nan take.

Suka kama hanya. Dama da hagu kore shar, ruwa yana sheƙi a cikin kwaman shuka, mata da kwanduna suna tsinkar tumatir. A Kadawa manyan motoci sun yi layi ana lodi. Duk inda Sammani ya hango manomi a durƙushe yana jan ruwa da tiyo zuwa kunya, sai ya kau da kai.

Jaji kuwa mutum ne da ba ya iya tuƙi baki a rufe.

"Jinya ya yi?" ya ɗaga murya saboda iska.

"Eh... ya ɗan kwanta."

"Me ya same shi?"

"Suga."

"Kai, sugan nan! Ya bar 'ya'ya?"

"Akwai su."

"Manomi ne?"

"Masunci."

Kafin su ratse daga babban titi, Malam Abuzar ya samu sana'a, da 'ya'ya maza, da ƙafa ɗaya da ta kumbura kafin cikawa. Har Jaji ya ce kamar ya tuna shi a wurin jana'izar Iya, wani dogo mai saje ko? Sammani ya ce shi ne. Sau da yawa ya matso da baki kusa da kunnen Jaji don ya ce tsaya, mu koma, ƙarya nake. Sai ya tuna tambayar da za ta biyo baya: to me za ka je yi? Ya ce me? Ya ce shi dattijo mai jikoki yana bin wuraren da matarsa ta so gani, yana tsayawa a gaban kejin giwa kamar yaron firamare? Shi da ko ranar da aka binne ta ba wanda ya ga hawayensa, har ana yaba masa dauriya? Sai ya haɗiye maganar, ya gyara zama.

Suka shiga garin Tiga rana ta kusa tsaka. Ƙamshin soyayyen kifi ya tare su tun daga bakin kasuwa. Sammani bai taɓa taka garin ba, shi da ya ƙare rayuwarsa yana noma da ruwansa.

"Wace unguwa?" in ji Jaji.

"Na jima rabona da nan. Gari ya canja."

"Ai ba a ɓata wajen neman gidan mutuwa."

Ya tsaya gaban wani mai kifi ya yi sallama. "Malam, don Allah ina ne aka yi rasuwa?"

Sammani ya runtse ido. Yanzu za a ce ba a yi ba, asiri ya tonu a gaban kaskon kifi. Amma wane gari ne ba a rasuwa? Mai kifi ya nuna da matsami. "Ku bi nan, bayan masallacin Juma'a, za ku ga rumfa."

Ga rumfa kuwa, ga tabarmi, ga takalma jibge. Dattawa sun jeru a jikin bango da carbi a hannu, buta da kwanon ruwa a gefe. Suka tuɓe takalma, suka yi sallama, aka matsa musu. Ba wanda ya tambaye su daga ina ko su wane ne, ai ba a tambayar mai gaisuwa. Jaji ya nemi a yi salati, aka karanta Ƙulhuwallahu, aka shafa Fatiha. Sammani ya fara jin numfashinsa yana dawowa. In Allah ya rufa asiri, su gaisa su tashi, shi ke nan.

Ina! Jaji ba ya gaisuwa rabi. Ya karkata wajen wanda ke kusa da shi ya ce a hankali, "Su wane ne 'ya'yan Malam Abuzar ɗin? Mu yi musu ta musamman."

"Wane Abuzar?"

"Marigayin."

"A'a, ai mace ce. Rekiya, matar Malam Surajo. Ga shi can a tsakiya, mai farar hula."

"To ko akwai wata rasuwar a gari? Wani masunci, mai ciwon suga?"

Mutumin ya yi tunani, ya tambayi na kusa da shi, shi ma ya girgiza kai. "Ni nan aka haife ni, masunci ne ni kuma. Babu Abuzar a cikinmu, mai rai ko matacce."

Jaji ya juyo a hankali ya dubi Sammani. Da ma zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Sammani ya sunkuyar da kai yana kallon saƙar tabarma.

Amma an riga an zauna, ba a tashi ba a gaida mai mutuwa ba. Suka ja jiki zuwa gaban Malam Surajo. Tsoho ne siriri, ya zauna ƙyam, fuska ba yabo ba fallasa. Yana amsa wa kowa da murya ɗaya: mun gode, Allah ya ba da lada. Har yana tambayar wani yadda ruwa ya ja baya bana. Sammani ya san wannan zama, shi ma ya yi shi.

Jaji ya gaisa ya matsa. Sammani ya miƙa hannu. Daidai nan aka ji takun silifa daga cikin zaure, irin jan ƙafa na mace mai shekaru. Malam Surajo ya ɗago kai da sauri ya dubi ƙofa. Wata baƙuwa ce ta fito, ta raɓa ta wuce. Tsohon ya mayar da kansa ƙasa, ya ci gaba da jan carbi kamar ba abin da ya faru. Ba wanda ya lura sai Sammani, don shi har jiya in ƙyaure ya motsa sai ya ɗaga kai.

Ya buɗe baki ya ce ya haƙuri, sai wani abu dabam ya fito. Kuka ne, ba na hawaye shiru ba, irin mai sauti, mai girgiza kafaɗa. Ya danne, ya ƙi dannuwa. Ya cusa hannun riga a baki, ya ƙara fitowa ta hanci.

Rumfa ta yi tsit. Ku duba fa: baƙon namiji, ba wanda ya san shi, ya zo daga wani gari da shaddarsa, yana rusa kuka a kan matar wani, a gaban mijinta. Carbi ya tsaya a hannuwa. Wani ya yi gyaran murya. Daga baya aka ji raɗa, "Wane ne wannan? Danginta ne?" Wani ya amsa, "Mu dai ba mu san shi a dangi ba." Wani matashi mai kama da Malam Surajo ya fara miƙewa, fuska a ɗaure.

"Jama'a, ku yi masa uzuri," in ji Jaji da ƙarfi. "Bai san marigayiya ba, wallahi bai taɓa ganinta ba. Tasa ce ta rasu kwanan baya. Hanya ce ta biyo da mu."

Aka saki numfashi. Aka yi ta Allah sarki, Allah ya jiƙan Musulmi. Matashin ya koma ya zauna. Wani ya turo kwanon ruwa.

Malam Surajo bai saki hannun Sammani ba. Ya jira hayaniya ta lafa, sannan ya matso da kai, yadda ba mai ji sai su biyu.

"Malam," ya ce, "yana raguwa?"

Amsar da ake bayarwa tana nan a shirye: sai haƙuri, kowa da ranarsa. Sammani ya share fuska da gefen riga.

"Ni dai ban gani ba tukuna."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ƙara matse hannun, sannan ya saki. "Na gode," ya ce. Ba da muryar ɗazu ya faɗa ba.

Da suka fito Jaji bai tada babur ba, turawa ya yi ta yi, Sammani na binsa a baya kamar wanda aka kamo da kayan sata. Suka wuce masallaci, suka wuce masu kifi, har mararrabar da hanya ta rabu, ɗaya ta koma babban titi, ɗaya ta haura wajen dam. Nan Jaji ya kafe babur a gindin dalbejiya. Aka fara kiran Azahar.

"Yanzu haka Malam Mudassiru yana shirin yi wa mutuminka addu'a," in ji Jaji.

"Zan je in same shi."

"Ka dai je. Ni ba ruwana." Ya yi tsaki. "Har da saje, Sammani. Na ce na tuna shi, ka ce shi ne. Ka bar ni ina ganin mutumin da ba a halitta ba."

"Ka yafe ni. Furenka..."

"Fure ya zube ko bai zube ba, sai na je. Kar ka ce za ka ba ni na gonarka, in ka faɗa za mu ɓata."

Sammani ya so ya yi bayani, ya rasa ta inda ake farawa. Jaji ya dubi hanyar da ta haura, ya dubi shaddar abokinsa da ta jiƙe a ƙirji.

"Can za ka ko?"

Sammani ya gyaɗa kai.

"Tun a kan tabarma na gane. Da ma tun da safe ya kamata, kaina ne ba ya ja." Ya murza hannun babur, ya sassauta murya. "Ai Iya ta sha faɗa wa Mansura."

Mansura matar Jaji ce, ƙawar Iya ta kusa. Sammani ya ɗago.

"Faɗa mata me?"

"Cewa za ka kai ta Tiga. Duk matan layinmu sun sani. Suna tsokanarta, wai har yanzu ba a yi girbin ba? Ita kuma ta ce su yi ta dariya, Malam ba ya ƙarya, tunda ya ce zai kai ta zai kai ta. Har atamfa ta ajiye, ta ce ta ranar ce."

Sammani ya dafa dalbejiya. Shi yana ta zagaye ta bayan injin casa, yana sayen maganin ido, yana kashe bayin Allah, don kada a san abin da duk unguwa ta sani tun yana da baƙin gashi. Atamfar ma ya santa, shuɗiya, ba a taɓa sawa ba. Da aka raba kayanta Ruƙayyatu ta tambaye shi ta mece ce, ya ce bai sani ba, kuma da gaske bai sani ba.

"Da ban faɗa ba," in ji Jaji.

"Gara da ka faɗa."

Jaji ya buga babur, salansa ta ɗauki ƙara. "Zan kai ka, amma na san ba da ni ka shirya zuwa ba. Bari in yi sauri, ko na tarar da ɗan abin da ya rage a kanal. In an tambaye ni, gaisuwa muka je, mun kuma yi ta. Saura kai ka san abin da za ka ce."

Ya tafi. Sammani ya bi shi da ido har ya sha kwana. Ya yi alwala a masallacin bakin hanya, ya bi jam'i a sahun ƙarshe, ya fito ya dawo gindin dalbejiyar ya tsaya. Ga motar Kano tana lodi a tsallake, kwandasta yana kiran saura mutum ɗaya. Ƙafarsa har ta fara karkata can. Da wane ido zai kalli ruwan nan shi kaɗai?

Wani ɗan acaɓa ya rage gudu a gabansa.

"Baba, tasha ko dam?"

Sammani ya amsa, amma maganar ba ta wuce gemunsa ba.

"Na'am? Ban ji ba, Baba."

Ya tattare shaddarsa, ya ɗaga ƙafa ya hau.

"Dam na ce."